RA'AYINMU: Kyautar Bayan Kanti

A birnin Las Vegas na ƙasar Amurka akwai wani bikin baje koli da ake kira CHAMPS, wanda aka soma tun 1999. Ba a buɗe shi ga kowa da kowa ba, sai wanda ya nuna shaidar cewa shi ɗan kasuwa ne, mai kanti ko ɗan sari. Hajar da ake bajewa a wurin ita ce kayan shan tabar wiwi: lofe na gilashi, da tukwanen zuƙa masu ruwa irin na shisha, da takardar naɗi, da 'yar na'urar niƙa ganye, da faranti, da laita, da kuma na'urorin lantarki masu mai da ganye ko mansa tururi. Masu ƙera waɗannan kaya suna gefe guda, masu kantunan taba da suka zo daga garuruwa dabam-dabam suna ɗaya gefen, abin da ke haɗa su kuwa, bayan ciniki, shi ne kyauta.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mujallar ɗalibai da kasuwar da ke can ƙetaren teku, ta kayan da ko sayar da ganyensu laifi ne a ƙasarmu? Amsarmu ita ce, dabarar da ake aiki da ita a wannan kasuwa ta girmi tabar wiwi a fagen ciniki, ta taɓa zuwa ƙasar nan cikin wata riga, kuma babu abin da zai hana ta komowa cikin wata. Yawancinmu nan da 'yan shekaru kaɗan za mu zama ma'aikatan kwastan, ko na lafiya, ko na ma'aikatar ciniki, waɗansunmu ma sun riga sun kama aiki. Ya kamata mu san kamanninta tun ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishinmu ba.

Bari mu fara da yadda abin ke tafiya. Kamfanin da ke ƙera lofe ko takardar naɗi yana da abokan hamayya barkatai, kayansu kuma kusan iri ɗaya ne. Wanda zai raba gardama a tsakaninsu shi ne mai kanti, domin shi ne ke zaɓen abin da zai jera daidai idon mai saye da abin da zai tura ƙasan kanta, shi ne kuma ake tambaya, "Wanne ya fi kyau?" Saboda haka sai kamfani ya bi shi da alheri. A ba shi samfuri kyauta ya gwada. A ba shi akwatin gilashi na jera kaya, mai fitila da sunan kamfani, bisa sharaɗin ya girke shi kusa da inda ake biyan kuɗi. In ya sari katan kaza a ƙara masa ɗaya. A wurin baje koli kuma a ba shi tikitin tambola gwargwadon yawan odar da ya bayar, da yamma a jefa ƙuri'a, wani ya tashi da tsabar kuɗi, wani da kaya. Yaran kanti su ma ba a manta da su ba, akwai riguna da huluna da 'yar la'ada ga wanda ya fi sayar da hajar kamfanin.

Sa'an nan akwai kashi na biyu, wanda kamfani da mai kanti ke haɗa hannu su yi wa jama'a. Manyan dandalin intanet irin su Facebook da Instagram da Google ba su karɓar tallar kayan shan ƙwaya da kuɗi. To, sai a zagaye. Kamfani ya ba da lofe mai tsada, kanti ya sanar da cewa za a ba da shi kyauta, wanda ke son shiga gasa kuwa sai ya bi shafin kamfanin da na kantin, ya kuma ambaci sunayen abokansa biyu ko uku. Da lofe guda an sami dubban masu talla waɗanda ba a biya ko kwabo ba, kowannensu yana kai saƙon ga wanda ya amince da shi. An fi yin wannan a ranar 20 ga Afrilu, wadda mashaya wiwi a Amurka suka mayar ranar bikinsu, 'yan kasuwa kuma suka mayar ranar garabasa. Akan rubuta cewa gasar ta manya ce kawai, amma kowa ya san yaro ɗan shekara goma sha biyar ba ya rasa yatsan da zai danna "na kai".

Abin mamaki shi ne, ba a daɗe ba da wannan sana'a take ta ɓoye. Dokar tarayyar Amurka ta haramta sayar da kayan shan ƙwaya da safararsu tsakanin jihohi, shi ya sa aka daɗe ana manna wa lofe takarda mai cewa na taba ne kurum. A 2003 gwamnatin tarayya ta kai wani babban samame, aka gurfanar da mutum fiye da 50, cikinsu har da ɗan wasan barkwancin nan Tommy Chong, wanda aka ɗaure wata 9 saboda kamfanin lofen gilashi na iyalinsa. Shekara tara bayan haka, watau a 2012, jama'ar jihohin Colorado da Washington suka jefa ƙuri'ar halatta wiwi ga manya, aka buɗe kantunan farko a Colorado a Janairun 2014. Zuwa ƙarshen 2023 jihohin da suka halatta, har da waɗannan biyu, sun kai 24. Abin da aka ɗaure mutum a kansa jiya, shi ne ake rabawa da tambola a zauren baje koli.

Ba za mu ɓoye hujjar masu wannan sana'a ba, domin tana da ƙarfinta. Suna cewa kyauta gishirin ciniki ce a ko'ina, mu ma nan mai awo yakan yi wa abokin cinikinsa gyara, ba wanda ya ce ya yi laifi. Suna cewa mai ƙaramin kanti ribarsa kaɗan ce, akwatin da aka ba shi kyauta da katan ɗin da aka ƙara masa su ne ke riƙe shi. Suna kuma tuna wa mutane cewa zamanin hani ya yi tasa ɓarnar: wani rahoto na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka a 2013 ya nuna cewa an fi kama baƙar fata da laifin riƙe wiwi kusan ninki huɗu a kan farar fata, alhali kuwa shan nasu kusan ɗaya ne. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba.

Amma fa gyara dabam, wannan dabam. Gyaran mai awo a hannun mai saye yake faɗawa, a gabansa, ya ga abin da aka ƙara masa. Kyautar da muke magana a kai a bayan kanti ake ba da ita, ga mutumin da mai saye ya ɗauka mai ba shi shawara ne tsakani da Allah. Saurayin da ya shigo ya tambayi wadda ta fi, bai san cewa an riga an sayi amsar a Las Vegas ba. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Mai kantin da ya karɓi akwati da riga da tikiti ba zai iya buɗe baki ya ce wa yaro, "Wannan ta fi ƙarfinka," ba, kuma tun da tikiti gwargwadon oda ne, ya riga ya sari fiye da abin da unguwarsa ke bukata. Kayan da suka yi masa yawa tilas ya nemo musu sababbin mashaya. Nan ne kyautar ke biyan kuɗinta.

Kada kuma a ce ai lofe ne kawai, gilashi ne, ba ya bugarwa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanin mai na Standard Oil ya gane wannan lissafi, sa'ad da ya riƙa raba ƙananan fitilu a ƙasar Sin, kyauta ko a kan kuɗi ƙalilan, domin ya san duk gidan da fitila ta shiga sai ya nemi kananzir har abada. Wanda aka ba na'urar zuƙa kyauta ba zai ajiye ta ado a kan tebur ba. Kuma abin da ake zubawa a cikinta yau ba irin na dā ba ne. Sinadarin da ke bugarwa a wiwi, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a ganyen da hukumomin Amurka ke kamawa a tsakiyar shekarun 1990, amma kafin 2020 ya kai wajen kashi 15. Man da ake tatsowa daga ganyen, wanda sababbin na'urorin nan domin shi aka ƙera su, yakan haura kashi 60. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa cikin mashaya 10, kimanin 3 shan ya zame musu matsalar da ba su iya sarrafawa. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019 ya gano cewa masu shan mai ƙarfin kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar.

A wannan shekara ta 2019 ɗin dai aka ga abin da na'ura kan jawo in ta riga doka isa hannun mutane. Wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar tururi, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 sun mutu. Bincike ya danganta yawancin abin da wani sinadari da 'yan kasuwar bayan fage ke gauraya man wiwi da shi domin ya yi kauri. Na'urar ta kanti ce, man na bayan fage ne, huhun kuwa na matasa ne.

Inda darasin ya fi fitowa fili shi ne tarihin sigari, domin can ne aka koyo wannan karatu. An hana tallar sigari a rediyo da talabijin na Amurka daga Janairun 1971. A 1998 manyan kamfanonin taba suka yi sulhu da jihohi 46, suka yarda za su biya dala miliyan dubu 206 cikin shekara 25, su daina talla da zanen barkwanci irin na raƙumin Camel, su kuma daina raba riguna da huluna masu sunan sigari. Mutane suka yi murna, suka ce an karya lagon talla. Ashe kuɗin ba ɓacewa suka yi ba, hanya suka sake. Rahoton hukumar ciniki ta tarayyar Amurka ya nuna cewa a 2021 kamfanonin sigari sun kashe kimanin dala miliyan dubu 8 wajen tallata hajarsu, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan kuɗi kuwa rangwame ne da aka biya masu kanti da 'yan sari domin a karya farashi. Watau an rufe allon talla na bakin titi, kanti ya zama allon. Kuma kada a zaci masu sigari suna kallon kasuwar wiwi daga nesa: a Disamban 2018 kamfanin Altria, mai Marlboro a Amurka, ya sanar da zuba dala miliyan dubu 1.8 a kamfanin wiwi na Cronos da ke Kanada. Malamin ya bi ɗalibinsa har aji.

Ƙasashen da suka halatta wiwi da idonsu a buɗe sun san da wannan. Yurugwai, wadda ta fara halattawa a 2013, ta hana tallarsa gaba ɗaya. Kanada, wadda dokarta ta soma aiki ran 17 ga Oktoba 2018, ta sa kayan sha a cikin dokar tare da ganyen, ta hana mai sayarwa ya ba mai saye su kyauta, ta kuma hana jawo shi da tambola ko gasa. Amma dokar ta sassauta game da abin da ɗan kasuwa ke ba ɗan kasuwa ɗan'uwansa, sai larduna suka shiga toshe wannan kafa da kansu. A lardin Ontario, inda aka hana masu noman wiwi ba masu kanti abin hasafi, jaridu sun ba da labarin yadda waɗansu suka koma biyan kantuna kuɗi da sunan sayen bayanan ciniki. Ruwa dai in aka tare shi nan, sai ya nemi can. Abin da muka koya daga wannan shi ne, batun halatta wiwi dabam ne, batun tallata shi dabam. Mutum na iya ganin bai kamata a ɗaure saurayi saboda ƙulli ɗaya ba, ya kuma ƙi yarda a bar ɗan jari-hujja ya riƙa farautar sababbin samari da kyauta.

Yanzu mu komo gida. Wiwi haramun ne a dokar Nijeriya, tun dokar soja ta 1966 aka tsananta hukuncinsa, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Wannan kasuwa ce da duk mai ƙera takardar naɗi a duniya zai yi sha'awa, kuma takarda da laita da tukunyar shisha da na'urar tururi suna shigowa da sunan kayan taba, daidai yadda aka yi a Amurka shekara da shekaru. A nahiyarmu ma iska na kaɗawa: Lesotho ta fara ba da lasin noma domin magani a 2017, kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta halatta sha a cikin gida a 2018, Maroko ta yi dokar noma domin magani da masana'antu a 2021. A nan ma an sha kawo maganar a majalisa.

Kyautar bayan kanti kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Yayyenmu suna tuna manyan wasannin kiɗa da sigarin Benson & Hedges ya riƙa ɗaukar nauyi a biranen ƙasar nan a shekarun 1990. Kowa ya ga mai tebur a bakin tasha ƙarƙashin laima mai launin kwalin sigari, a cikin 'yar rumfar da ba shi ya biya kuɗin fentinta ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta yi dokarta a 2015, wadda ta hana talla da ɗaukar nauyin bukukuwa, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da sigari kara-kara. Wanda ya fita ƙofar jami'a da yamma ya san inda wannan doka ta tsaya. Ba mu manta da kodin ba kuma. Fim ɗin binciken da BBC ta nuna a 2018 ya bayyana ma'aikatan waɗansu kamfanonin magani suna fitar da maganin tari ta bayan gida zuwa kasuwar mashaya, kwana kaɗan bayan haka gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. A can ma ɓarnar ba a allon talla ta faru ba, tsakanin mai kawowa da mai sayarwa ta faru, inda idon hukuma bai cika kaiwa ba.

Bisa ga haka muna kira ga ɓangarori huɗu.

Na farko, mu kanmu. Ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassa da na jihohi kullum cikin neman mai ɗaukar nauyin makon al'adu da gasar ƙwallo da liyafar bankwana suke, aljihu kuwa babu nauyi. Muna ba da shawara majalisar ɗalibai ta rubuta a tsarin mulkinta cewa ba za a karɓi kuɗi ko riga ko hula ko kyautar gasa daga mai sayar da taba, ko shisha, ko na'urar tururi, ko kayan shansu ba, kuma duk wata gudummawa da ta shigo daga kowane kamfani a lika sunan mai bayarwa da adadinta a allon sanarwa. Shugaban da ya ga wannan ya yi tsauri, sai ya faɗa mana abin da yake jin kunyar a lika. Kaza ma tsaba ake watsa mata kafin a kama ta.

Na biyu, 'yan'uwanmu matasan ma'aikata. In aka tura ɗayanku duba kanti, kada ya tsaya ga lasin da ke jikin bango. Ya tambayi wanda ya ba da akwatin jera kaya, da wanda ya biya kuɗin allon ƙofa, da sharaɗin da aka gindaya. Ya kuma sani cewa hannun da ya ba mai kanti laima shi ne zai miƙo masa kalanda da 'yar ambulan a ƙarshen shekara. Ranar da ya karɓa, ya zama mai kanti na biyu.

Na uku, 'yan majalisa. Ko wace matsaya suka ɗauka game da noman wiwi domin magani ko masana'antu, muna roƙon su rubuta babin hana talla kafin babin ba da lasin, su sa kayan sha a ciki, su kuma ambaci kyauta da rangwame da tambola tsakanin kamfani da mai kanti da sunayensu. Dokar da ta tsare ƙofar gaba ta bar ta baya a buɗe, Amurka ta gwada ta a kan sigari tun 1971, mun kuwa faɗi inda kuɗin suka koma.

Na huɗu, hukumar jami'a. Akwai 'yan'uwanmu a ɗakunan kwana da suka riga suka faɗa, kowa ya san su, kowa na kau da kai. Korar su daga makaranta ba ta rage ko ƙulli ɗaya a kasuwa ba, sai dai ta miƙa wa dillali abokin ciniki na dindindin wanda ba shi da sauran abin da zai rasa. Muna neman a ware wa asibitin jami'a ma'aikacin da ɗalibi zai iya zuwa wurinsa a asirce, ba tare da tsoron sunansa zai isa kwamitin ladabtarwa ba. Fushinmu na mai raba fitila ne, wanda aka ba fitilar kuwa taimako yake bukata.

Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ɗauko kaya daga masana'anta, ya biya kuɗin rumfa a Las Vegas, ya raba su kyauta, ya riga ya yi lissafin wanda zai biya, kuma wanda zai biyan ba ya cikin zauren. Yana wata unguwa, shekarunsa ba su wuce namu ba, bai ma fara sha ba tukuna. A madadinsa muke wannan magana, muna kuma fata majalisar ɗalibai za ta sa shawararmu ta farko cikin ajandar zamanta mai zuwa.